Kalmar da Firinsifal Ta Rubuto Mini

Na manta abubuwa da yawa a aikin koyarwa, amma ban da ranar da kalma ɗaya ta Turanci ta tsinka ni a gaban malamai, ni da nake koyar da Turancin a wata sakandare a Hunkuyi.

An kawo mana sabuwar firinsifal, Hajiya Rabi, aka ce ni zan yi jawabin maraba. A lokacin ina harin kujerar mataimaki (ba zan ɓoye muku ba), don haka na zage. Na kira ta fitilar ilimi, garkuwar malamai, ruwan farkon damina, alhali sau ɗaya na taɓa hango ta, shi ma ta gilashin mota.

Washegari ta aiko mini da 'yar takarda, wai ta gode da jawabina, jawabi ne *fulsome*. Na ga kalmar ta yi kama da *full*, na ce cikakke ke nan. Na je na manna takardar a allon sanarwa na ɗakin malamai.

Malam Tanimu mai koyar da lissafi, wanda shi ma kujerar yake so, ya karanta ya yi murmushi.

"Malam, ka duba ƙamus kuwa? Bambaɗanci fa take nufi, irin mai ginsarwa."

Na ce a raina hassada ce kawai. Amma na lallaɓa laburare, tsohon ƙamus ya ce yabo ne da ya wuce kima, na fadanci. Na duba waya, na tarar wasu na cewa yanzu tana nufin abu mai yalwa, wasu na cewa wannan kuskure ne, ana ta ja-in-ja. To ita Hajiya 'yar wane ɓangare ce?

Sati guda ina karantar fuskarta. In ta amsa gaisuwata da fara'a, in ce dariya take mini. In ta ɗaure, in ce shi ke nan, kujera ta tafi. Har na fara zargin Tanimu ne ya raɗa mata kalmar. Cire takardar kuma na kasa, kada a ce na karaya.

Ranar taron malamai na kasa daurewa, na miƙe.

"Ranki ya daɗe, kalmar nan, tsohuwar ma'anarta kike nufi ko sabuwar?"

Ta cire tabarau ta dube ni.

"Au, tana da sabuwa? Ni tsohuwar kaɗai na sani, Malam, kuma Turanci na koyar kafin ka shiga firamare. Na sa a takarda ne don ya tsaya tsakaninmu, sai na ga ka kafe ta a allo."

Tanimu ya sunkuya yana tari (tarin da ake ganin haƙora).

Kujerar dai ba ni ba shi, malamar kimiyya aka ba. Tun daga ranar, in babba ya yi mini magana mai harshen damo, sai in ɗauki ma'anar da ta fi zafi in tafi da ita gida. Ba na sake neman fassara a gaban jama'a.