Rigar Ɗan Japan da Tukunyar Miyata

Ba zan taɓa mantawa ba da zuwana Landan wankan jegon autata Binta, shekarar da aka yi mini aikin ido, Malam yana da rai. Ni kuwa a unguwarmu an san ni da karantar mutum. Kallo ɗaya nake yi masa in gaya muku ko ɗan gidan waye.

A flat ɗin da ke kallon namu a Plumstead akwai wani yaro ɗan Japan, siriri, mai yawan rusunawa. Da safe ya fita da gajeren wando, kafin la'asar ya dawo ya kwanta. Na ce wa Binta wannan zaman kashe wando yake yi. Ta ce ai ƙwallo yake bugawa. Na ce to, me na faɗa? (Tare muke shiga bas, ko kare bai taɓa waiwayarsa ba.)

Tausayi ya kama ni, na fara aika masa tuwo. Ashe su ma a garinsu ba a mayar da kwano wayam. Ran nan kwanona ya dawo da wata shuɗiyar riga a ninke, an yi mata jagwalgwalo da baƙin alƙalami a ƙirji. Na ce Allah sarki, talaka ya ba da abin da yake da shi. Na dirje jagwalgwalon bai fita ba, sai na yaga ta biyu. Ban taɓa samun tsumman sauke tukunya mai kyanta ba.

Ranar da Binta ta yi arba'in muka yi 'yar walima. Sai ga yaron da uwarsa, ta zo daga Japan, da wasu masu kyamara biye da su. Binta ce ke yi mini tafinta. Wai a can hotonsa har jikin jirgin ƙasa, layi ake yi don ya sa wa mutum hannu a riga. Wadda ya ba ni kuwa da ita ya fara buga wa ƙasarsa wasa. Uwar ta daɗe tana roƙon ya ba ta rigar, ya ce ta mamarsa ta Landan ce. Yanzu so suke in ɗauko ta a yi mana hoto.

Ina tsaye da tukunyar miya, rabin lambar rigarsa a hannun dama, rabi a hagu, duk manja.

Uwar ta kalli hannuna, ta rusuna. Ni ma na rusuna, da tukunyata. Yaron ya yi wata magana a hankali.

"Hajiya," in ji Binta, "wai ranar wasan ma a benci ya fi zama, gara da rigar ta samu aikin yi."

Da ƙasa ta tsage, da na shige.

Tun daga nan in na ga mai gajeren wando, sai na tambayi jikoki kafin in yanke masa hukunci. Malam ya rasu, uwar yaron ma na ji ta rasu. Shi yana can garinsu yana koya wa yara ƙwallo. Saura ni da Binta, da rabin rigar nan a ƙasan akwatina, har yau tana warin daddawa.