Ranar da Na Hana Surukina Shan Fura

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a garin Dutsi ba, ko da kuwa tsufa zai kwashe mini sauran abin da ke kaina.

Aikina tsara wa marasa lafiya abinci ne a wani asibiti a Daura. Ni ke gaya wa mai hawan jini ya rage gishiri, mai ciwon sukari ya rabu da zaƙi, su kuma su ce "to" su fita su yi abin da suka ga dama. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa ya zama mai wa'azi, har da ni. Duk ɗalibin da aka turo ya koyi aiki a wurina sai ya sha huɗuba: sirrin majiyyaci amana ne, in ka gamu da shi a waje, kada ka nuna ka san shi sai in shi ya fara. (Har da ɗaga ɗan yatsa nake faɗa.)

Cikin masu zuwa wurina akwai Alhaji Mudi, dillalin shanu, mai ciwon sukari. Tun ranar farko ya ja kujera kusa da ni ya rage murya. "Likita, maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. In Hajiya ta ji, ni da fura sai a Aljanna." Na dafa ƙirji na ce ya kwantar da hankalinsa, wannan ai ƙa'idar aiki ce.

A daidai lokacin kuma ina neman auren Rabi, wata malamar firamare. Mahaifinta ya rasu, don haka ƙanensa, wanda take kira Baba Ƙarami, shi ne waliyyinta. In ya ce e, an gama. In ya ce a'a, sai in koma in ci gaba da auna wa mutane shinkafa. Aka sa mini ranar zuwa gaisuwa, na ɗauki abokina Sani muka nufi Dutsi.

Muna yin sallama a zaure na ga Baba Ƙarami a kan buzu, dattawan unguwa sun kewaye shi. Alhaji Mudi ne.

Ya dube ni kamar bai taɓa ganin mai irin hancina ba, ya ce, "Yaro, ɗan gidan wa ne a Daura?" Mai hankali zai gane saƙon nan take. Ni kuwa sai na ji tausayinsa, na ce a raina ciwon har ya fara taɓa masa ido.

Kowa ya san yadda mai neman aure ke zama gaban surukai: ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ba ka ci, ba ka sha, ba ka magana sai an tambaye ka. Na yi duk wannan daidai, har aka shigo da fura a ƙwarya, da gwangwanin sukari a gefe. Alhaji ya buɗe gwangwanin ya zuba cokali guda. Na daure. Ya ƙara. Na ciji leɓe. Sai ya ajiye cokalin, ya karkata gwangwanin gaba ɗaya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Da muryar nan tawa ta huɗuba, a fili, ba gargada, na ce, "Haba Alhaji! Da ciwon sukarin naka? Me muka yi da kai ranar Talata?"

Sani ya ja gefen rigata har ɗinki ya yi ƙara. Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah! Mudi, dama abin da ke kai ka Daura ke nan? Mu muna cewa kasuwa."

Ban gama jin wannan ba sai labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Ashe Hajiya na tsaye a bayansa, ta zo ganin wanda zai ɗauki 'yarta. Ba ta fito ba. Hannu kawai ta miƙo. "Alhaji, a ba ni ƙwaryar nan."

Ya bi ƙwaryar da kallo har ta ɓace, sannan ya juyo gare ni. "Sannu, Likita. Sannu da riƙon amana. Allah ya ƙara ilimi." Dattawa suka ce amin. (Ni ma na ce amin, don ban san me kuma zan ce ba.)

A hanyar komawa, da muka kusa gari, Sani ya dube ni. "Ka iya aiki," in ji shi. "Ka warkar da mutum, ka kashe aure."

Rabi ta daina amsa saƙona. Ni kuma na rubuta ban-haƙuri na yaga, na sake rubutawa. Ana nan sai ga aike daga Dutsi, wai in zo ranar Juma'a.

Na tarar da Alhaji shi kaɗai, ya ɗan faɗa, gabansa kwanon faten acha fari fat, ba mai, gishiri kuwa sai dai labari. Ya ce, "Na ba ka Rabi, don Hajiya ta rantse ba ta da suruki sai kai. Amma da sharaɗi. Duk Juma'a za ka zo mu ci wannan tare."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ai suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa."

"Au, yanzu ka san kunya? Wanke hannu."

Yau 'ya'yanmu da Rabi sun tasa, sukarin Baba ya daidaita, ni kuma ban taɓa tsallake Juma'a ba. Har yanzu ina yi wa ɗalibai huɗubar amana, sai dai na daina ɗaga yatsa. Abin da nake ƙara musu shi ne: kafin ka tona asirin majiyyaci, ka fara ɗanɗana abincin da ka rubuta masa.