Kilishi a Saman Rufi

Na taɓa sa mutanen bene guda kuka da tsakar rana, ni kaɗai.

A unguwar Malaz ta birnin Riyadh ne, wajen shekarar tamanin da huɗu. Ni ne mai gadin wani tsohon bene mai hawa uku. Na ga ranar Riyadh tana ƙuna a banza, na ce wannan ta kilishi ce. Na shanya nama a saman rufi, na zauna ina barbaɗa yaji inda iska ta fi ja, ina yaba dabarata. Ashe bakin na'urorin sanyi ne, masu zuƙo iskar waje su raba wa kowane gida.

Tari ya fara daga hawa na uku, ya gangara har ƙasa.

Abu Saleh, tsohon maigidana da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ke hannunsa, ya hawo da sanda, idanunsa jajir. "Yalla, tattara kayanka!"

Dakta Bashir, Bakanon hawa na biyu, yana bayansa yana share hawaye. "Malam, kashe mu za ka yi?"

Ban roƙi kowa ba. Na miƙa wa tsohon kilishin da na riga na gasa. Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya nuna can ƙarshen rufin da sandarsa, ya ce in koma can, kuma kowace Juma'a in kai masa rabonsa.

Har yau ina benen, kilishina har daga unguwar Suwaidi ake zuwa nema. Amma duk wanda ya yi atishawa a matakala sai ya ɗaga murya: "Uban barkono, ka fara ne?"