Ranar da Aka Naɗa Ni Patoro

Jama'a, ku taya ni murna. Na bar ƙauyenmu na wajen Guci ina talaka mai gona ɗaya da jaki mai tari, na shiga wani biro, wato ofishin gwamnati, a Magariya, kafin a kira azahar an naɗa ni patoro. Ga waɗanda ba su yi lakwal ba, wato boko, irina, patoro shi ne babban mutum mai ma'aikata, wanda ke zaune a inuwa wasu na yi masa gumi. To ni ne nan. Ba a buga tambari ba, ba a yafa mini alkyabba ba, ko goro ban raba ba. Abin da naɗin ya jawo kawai shi ne sabuwar rijiyar garinmu ta kusa ruftawa.

Bari in fara daga bakin rijiyar. Kun san yadda farin nan ya yi da mu. Tsohuwar rijiyarmu ta ƙafe, laka kawai guga ke kwasowa. Matanmu na fita da tulu da sassafe, ba su dawowa sai rana ta take. Manya sun ji tausayinmu, Allah ya saka musu. Sun zo cikin motoci, sun auna ƙasa da wani ƙarfe mai ƙafa uku, sun cinye ragon da muka yanka, sun kafa turke suka ce nan za a yi mana rijiyar siminti. Turken na nan da ransa. Akuyar maƙwabcina Manzo ce ke ɗaure a jikinsa, kuma Manzo ya rantse bai taɓa samun turke mai ƙwari irinsa ba. Saboda haka kada wani marar godiya ya ce ba mu amfana ba.

Da muka gaji da kallon turke, sai muka koma wa Ɗantsoho. Ɗantsoho maginin rijiya ne. An haife shi a hayin iyaka, wajen Maigatari, inda muke zuwa cin kasuwa tun kakanninmu. Ya zo garinmu yana saurayi, da diga da igiya a kafaɗa, ya yi sallama a ƙofar gidana, na ba shi zaure. Da ya isa aure ni na shige masa gaba aka ba shi Daso, na yanka masa fili a bayan gidana ya yi ɗaki. Yau gemunsa ya fara furfura, amma bai taɓa kiran sunana ba. Maigida yake ce mini, kamar yadda kowane baƙo mai tarbiyya ke ce wa wanda ya sauke shi. Ni ban taɓa ɗaukar shi aiki ba. Mai son rijiya shi ke zuwa ya same shi su shirya, ya shiga rami. Wannan karon gari ne ya haɗa masa dammunan gero.

Aiki ya yi nisa. Ƙasar da ake fitarwa har ta fara sanyi a hannu, in ka damƙa ta dunƙule. Sai ga wani mai kaki a kan moto mai ƙafa biyu. Ya leƙa ramin ya ce wane ne a ciki. Muka ce Ɗantsoho ne. Ya ce ɗan ina ne. Manzo, wanda Allah bai yi wa bakinsa murfi ba, ya ce ɗan Maigatari. Shi ke nan. Aka jawo bawan Allah sama, jikinsa duk ƙasa, aka sanar da shi cewa shi baƙo ne ɗan wata ƙasa, kuma baƙo ba ya sana'a sai da parmi, wato takardar izinin mai zaman kansa. In mai kaki ya dawo bai ga takarda ba, zai raka shi iyaka da kansa. Kafin ya hau motonsa ya nemi ruwan sha, ya shanye kwanon da Daso ta yini ɗebowa, ya ce ruwan namu akwai laka.

Kun dai san ƙasarmu rairayi ce. Ramin da ba a ɗaure bakinsa da itace ba, ruwan farko na sauka zai rufe shi, da shi da geronmu da guminmu. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Saboda haka na ɗauko babbar rigata, na ce wa Ɗantsoho mu je Magariya in tsaya masa a ba shi takardar. Manzo ya biyo mu, wai zai sayo gishiri.

Motar kasuwa muka hau, kuma mun tura ta fiye da yadda ta ɗauke mu, don direba ya ce mai ya yi wuya. Da muka isa ƙofar biron na gane inda man ya tafi. Wata mota na tsaye tana ta kuka, babu kowa a ciki, wai kada injin ya huce kafin mai ita ya fito.

Muka gaida Sarkin Ƙofa, mai sarautar benci, wanda aikinsa shi ne ya ce maka jira. Muka jira har ya gamsu da jiranmu, sannan ya shigar da mu gaban Mai Girma Uban Hatimi. Mushe ake ce masa. Ba ni na raɗa masa ba. A garinmu abin da ungulu ke sauka a kai ake kira haka, amma a biro girmamawa ce. Da kunnena na ji shi da safen yana cinikin zabi a bakin ƙofa, da Hausa tsantsa, har da rantsuwa. Amma yana zama bayan tebur kunnensa ya daina jin komai sai Faransanci. Don haka akwai tafinta, wani mai siririn gashin baki, Kolo.

Kolo ya tambayi suna, Ɗantsoho ya faɗa. Gari, ya faɗa. Sana'a, ya faɗa.

"Wa kake yi wa aiki?"

"Duk mai son ruwa, ranka ya daɗe."

Na ga Uban Hatimi ya ɗaga hatimi, har na fara hamdala a zuci. Sai ya nuna ni da haɓa. Kolo ya ce, "Wannan tsohon fa, mene ne naka?"

Ɗantsoho ya russuna ya ce, "Maigidana ne."

Kolo ya juya ya zuba wata doguwar magana, ban tsinci komai a ciki ba sai patoro. Hatimi ya koma mazauninsa.

"Mushe ya ce ai wannan ba mai zaman kansa ba ne. Mai patoro ma'aikaci ne. Takardar baƙon ma'aikaci kuwa ba a nan ake yin ta ba, sai babban birni. Kuma kai patoro kai za ka nema, ka nuna ka bincika ƙasar nan kaf ba ka sami ɗan ƙasa mai iya aikin ba."

Na ce, "Kai yaro, maigida ya ce, bai ce patoro ba."

"Baba, a Faransanci ɗaya ne."

"To a Hausa biyu ne, kuma da ni da kai da Mushe duk Hausa muka sha a nono."

"Hausa ba ta shiga takarda, Baba."

Amma dai sun yi mana rangwame, don manya ba su rasa tausayi. Aka ce mu dawo washegari, in Ɗantsoho ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da maigida, za a buga masa hatimi.

Muna fitowa Manzo ya cire hula ya durƙusa a gabana. "Allah ya ja zamanin patoro. Ko akwai aikin gadi? Ni dai a ba ni kula da jakin nan mai tari." Ni kuwa hankalina na kan Ɗantsoho, wanda ya zauna a gindin itacen bedi ya haɗa kai da gwiwa.

Na ce, "Ka ji abin da aka ce. Kalma ce kawai."

"Maigida, in buɗe baki a gabanka in ce ba ni da maigida? Na ci tuwon gidanka, ka yi mini aure, kai ka raɗa wa ƴaƴana suna. Wanda ba shi da maigida ai ɗan tasha ne. Gara a kai ni iyakar."

"In an kai ka iyaka, Daso da yara su sha me? Kunyarka?"

Sai na ɗaure fuska na ce, "To ba shawara nake ba ka ba. Umarni ne. Gobe ka ce ba ka da maigida."

Ya ce, "To, Maigida."

Washegari muka sake gaida Sarkin Ƙofa, muka sake jira, muka shiga. Ɗantsoho ya gyara tsayuwa, ya share gumi, ya dubi ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, Maigida ya ce in gaya muku ba ni da maigida."

Kolo ya yi dariya har ya ƙware. Kuma Allah shaida, na ga leɓen Mushe ya motsa tun kafin a fassara masa, abin da ya nuna kunnen nan bai gama mutuwa ba. Da aka fassara, ya yanke hukunci da hikimar da Allah ya ba manya: mutumin da ake ba umarni ya bi, ai babu shaidar da ta fi wannan nuna yana da patoro. An ba mu zuwa tashin kasuwa. In babu wata hujja, iyaka.

Ana cikin haka aka ji tsayuwar wata mota a waje. Uban Hatimi ya zabura, kujera ta faɗi, ya fita da gudu yana gyara wuyan riga, ya buɗe wa wani ƙofar mota yana ta sunkuyawa. Na tsaya ina kallon ikon Allah. Sarkin Ƙofa na tsoron tafinta, tafinta na tsoron Mushe, Mushe na tsoron ƙarar mota. Su ke rabon takardar zaman kai. A duk biron nan mai zaman kansa ɗaya na gani, shi ne wanda aka hana.

Manzo kuwa ya sayi gishirinsa ya bi mota ya koma gida. Kun san shi da gyara labari. Kafin ya sauke buhu ya gaya wa gari cewa an ɗaure Ɗantsoho da igiyar rijiyarsa, za a jefa shi Nijeriya.

Ranar kasuwa muka koma, ba don muna da wata hujja ba, sai don mu roƙa. Ina cikin jero roƙo, Kolo na cikin hamma, sai muka ji hayaniya a bakin ƙofa. Muryar Daso ce. Ta biyo motar kasuwa da goyo a bayanta, mayafi ya karkace, kuma Sarkin Ƙofa ya yi kuskuren ce mata jira.

"In jira me? Matsa mini! Ina kuka kai maigidana? Ku sako mini maigidana!"

Ta faɗo cikin ɗakin, Sarkin Ƙofa na biye da ita da takalmi ɗaya. Mushe ya ja kujera baya. Kolo ya ce, "Ke baiwar Allah, wane ne maigidan naki?"

"Ga shi nan tsaye kuna tambayata! Mutumin da ke cikin rami don ku sami ruwan wanke wannan gashin bakin, shi za ku kora?"

Kolo ya fassara, ina zaton ya tsallake zancen gashin baki. Na dai sake jin patoro, amma wannan karon yatsa na kan Ɗantsoho. Mushe ya dubi Daso, ya dubi Ɗantsoho, ya yi dogon nazari irin na masu ilimi.

Kolo ya ce, "Mushe ya ce ashe shi kansa patoro ne, ga ma'aikaciyarsa ta zo da ƙafarta. Me ya sa kuka ɓata mana lokaci? Amma ke, wannan tsohon fa, mene ne naku?"

Na ga bakin Ɗantsoho zai buɗe, na take masa ƙafa da duk ƙarfin da ya rage mini. Daso ta ce, "Wa? Baffa? Baffanmu ne mana."

"Baffa dangi ne. Dangi ba ruwan biro da su."

Hatimi ya sauka, tim. Haka aka tuɓe ni daga sarautar patoro, ba a ko yi mini sallama ba, aka naɗa Ɗantsoho, aka mai da Daso leburarsa. A mota na bayyana mata sabon matsayinta. Ta ce to, in haka ne ta ajiye aiki, yau patoro ya daka furarsa da kansa.

Mun iso gida hadari na haɗuwa yana watsewa. Ɗantsoho bai ko shiga ɗaki ba, ya ɗaura igiya a ƙugu. Gari ya fito, masu jan ƙasa na ja, masu saran itace na sara, aka ɗaure bakin rijiya kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa. Bayan kwana biyu, da hantsi, guga ya fito da ruwa, garai-garai, mai sanyi. Kwanon farko ni ya kawo wa, ya durƙusa ya ce, "Bismilla, Maigida." Na waiga hagu da dama kafin in karɓa, na ce masa ya rage murya.

Saura abu ɗaya. Da za mu fito, Kolo ya ja mana kunne cewa doka ta ce parmin ya kasance tare da mai shi a wurin sana'arsa kullum, don duk ma'aikacin da ya zo dubawa ya same shi a nan. Mu kuwa masu biyayya ne. Ɗantsoho ya ɗinke shi cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya, kuma yanzu haka ya fara wata rijiyar a wajen Sassumbrum, ya yi zurfi ƙwarai. Saboda haka ina sanar da mai kaki da duk wani babba mai son ganin takarda: tana can ƙasa, a wurin sana'a, kamar yadda kuka ce. Ku zo ku sauka ku duba. Igiya muna da ita, kuma ni da kaina zan riƙe muku, duk da dai hannuna ya fara rawa saboda tsufa.