Rasuwar Kawu Mai Murfi, Saura Kwana Goma Sha Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, jiƙe sharkaf, ga shi kuma babu mai matse ta, Baban Tagwaye, malamin lissafi a makarantar 'yan mata da ke bayan kasuwa, a madadin kansa da iyalinsa, yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa kawo labulensa da sunan "a ɗan jefa mini," rasuwar injin wankinsu, wanda aka fi sani da Kawu Mai Murfi. Marigayin ya cika a ɗan ɗakin da ke jikin banɗaki, inda ya yi dukan rayuwarsa, yana da shekara goma ba kwana goma sha tara. Ana roƙon jama'a su riƙe kwanakin nan goma sha tara da kyau, domin su suka sa sanarwar ta makara.

Marigayin ya shigo gidan ne sati uku bayan haihuwar tagwaye, lokacin da igiyar shanya ba ta hutawa, hannuwan Maman Tagwaye kuma suka fara salewa. Mutum uku suka je shagon da aka sayo shi: Malam, matarsa, da yayarsa wadda yara ke kira Goggo, mace mai faɗin abin da ke ranta tun kafin a tambaye ta. Mai shago ya kai su gaban wani ƙaton inji mai ƙofar gilashi a gaba, da maɓalli ashirin da ɗaya, wanda in ya gama wanki har waƙa yake rerawa. Idon Maman Tagwaye ya maƙale a kansa. Malam ya sunkuya ya karanta farashin, ya ji gumi ya keto masa ta bayan wuya, sai ya fara yawo a shagon kamar mai neman wani abu da ya yar. A can lungu, bayan kwalaye, ya tarar da marigayin: fari, gajere, murfinsa a sama, abin murɗawa biyu kacal, ɗaya na lokaci, ɗaya na ruwa.

Nan take Malam ya buɗe darasi. "Maɓalli ashirin da ɗaya, hanyar lalacewa ashirin da ɗaya ke nan. Wannan kuwa biyu ne. In an manta safa, sai a ɗaga murfi a jefa, ba sai an durƙusa ana roƙonsa ya buɗe ba. Kuma duk mai gyaran da ke bakin titi ya san cikinsa."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ba shi ne dalili ba, kuma kowa a wurin ya sani.

"Auta, ka ce aljihunka bai kai ba mana," in ji Goggo. "Wa zai doke ka?"

Abin ya sosa masa rai. A gaban mai shago da masu kallo, ya ɗora hannu a kan murfin ya ce, "Yaya, ki shaida. In wannan bai yi shekara goma ba, duk kwanan da ya rage ni zan biya shi da wankin gidan nan, da hannuna, a bakin famfon tsakar gida, kowa na kallo."

"Na shaida," in ji Goggo. Ya kamata a sani cewa gidan haya ne, iyali takwas ke shan famfon nan, kuma uku daga cikinsu suna da 'ya'ya a ajin Malam.

Marigayin ya yi rayuwa abar koyi. Bai taɓa bambanta rigar fita da tsumman goge ƙasa ba, duk wanda ya shigo cikinsa juyi ɗaya yake sha. Ba shi da yawan magana, kuma abin da zai faɗa yau shi zai faɗa gobe. In yana wanki, sai ya ce, "Gurr-cau, gurr-cau." In yana zubar da ruwa, "Ƙulululu." In ya zo matsa, sai ya kama rawar jiki, "Didididi," yana tattaki a hankali zuwa ƙofa har sai igiyar wuta ta riƙe shi. Sa'an nan ya rufe da "Ƙyal!" ya yi shiru. Wannan gunaguni ne ya sa tagwaye suka raɗa masa Kawu, domin sun ce haka kawunsu yake yi in an tashe shi daga barcin rana.

Sau ɗaya ya taɓa kwanciya jinya, yana ɗan shekara shida, bel ɗinsa ya tsinke, mai gyara ya sa sabo kafin shayi ya huce. A tsawon wannan lokaci injin ma'aikaciyar bankin da ke ɗakin ƙarshe, mai gilashi da waƙa, ya suma sau uku, kullum ana jiran wani ƙaramin abu da za a kawo daga nesa. Duk lokacin da ta kawo kayanta a taimaka mata, Malam da kansa yake karɓa, yana mata jaje da fuskar da ba ta iya ɓoye murna.

Ba za a ce marigayin ba shi da aibu ba. Yana cin safa, kuma ƙafa ɗaya yake ci ya bar ɗaya. Amma akwai halin da ya shafe wannan duka a wurin Malam, wato wuyan riga. Mutumin da ke wuni tsakanin alli da gumi, wuyan rigarsa kullum fari fat. A ɗakin malamai yakan karkata kai ya ce a duba. "Aikin Kawu ne. Inji mai sauƙi, ba ya barin dauɗa ko ta ƙwayar zarra." Abokan aikinsa sun ji wannan magana har sun haddace ta.

Ciwon ajali ya zo ranar wata Asabar, bayan Maman Tagwaye ta tafi da yara gidan Goggo. Malam ya ga dama ta samu ya nuna bajinta. Ya cusa babban bargo, ya bi shi da labule biyu, ya ga akwai sauran wuri a ganinsa, ya ƙara da kafet ɗin bakin ƙofa, ya danne murfin da gwiwa. Kawu ya ce, "Gurr." Ya nisa, ya sake cewa, "Gurr." Sai ya ce, "Ƙit." Wani wari na ƙonewa ya cika ɗakin.

Malam ya shigo da mai gyara a sace. Mutumin ya kwance bayan injin, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Malam, sai haƙuri. Zuciyar ce ta ƙone."

"Ba a dasa wata?"

"Ana dasawa. Amma kuɗin ya kusa na sabo, kuma sai an yi wata ana nema."

Malam ya je ya tsaya gaban kalanda. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama, kwana goma sha tara suka ƙi raguwa. Ya leƙa ta taga ya ga famfo, ya ga matan gida zaune kewaye da shi, ya hango kansa a tsakiyarsu da kumfa har gwiwar hannu, ɗalibansa na gaishe shi. Tsoro ya kama shi sosai.

Da iyali suka dawo, ya tara su ya ce Kawu ya tsufa, daga yau babu mai taɓa shi sai wanda ya zaɓo shi. Ya sa wa ɗan ɗakin sakata. Kullum in ya dawo daga makaranta sai ya kwashi kayan wanki ya shige, ya ja sakata, ya jawo bahon da ya ɓoye, ya naɗe hannun riga, ya kama wanki. Da yake kuma injin da ke aiki dole a ji shi, sai ya riƙa yi da bakinsa. "Gurr-cau, gurr-cau." In ya zubar da ruwa, ya taya shi da "Ƙulululu." Wajen matsa, yana murɗe zane da hannu yana dukan gefen marigayin da diddige. Ya rufe da "Ƙyal!" ya fito yana haki, ya ce Kawu yana ƙoƙari. Duk da lissafinsa, bai taɓa tsayawa ya lura cewa hukuncin da yake gudu shi yake yi wa kansa ba.

A rana ta huɗu aka ɗauke wuta a layin gaba ɗaya. Fanka ta tsaya, firiji ya yi shiru, rediyon maƙwabta ya mutu a tsakiyar magana. Kawu kuwa bai fasa ba. Maman Tagwaye ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare, tagwaye suka buɗe baki za su yi magana, ta harare su, suka haɗiye. Ana cikin haka Kawu ya yi atishawa sau biyu.

"Malam," ta ce ta bayan ƙofa, "mura Kawu yake yi ne?"

Gurr-cau ya tsaya cak. "Tsufa ne," in ji Malam. Gurr-cau ya ci gaba.

Daga ranar wanki ya yi albarka. Zannuwan gado da aka wanke shekaranjiya suka dawo. Labulen da ba a taɓa saukewa ba tun tarewa aka sauke shi. Goggo, wadda labari ya kai mata ba a san ta ina ba, ta aiko da ƙunshin atamfofi, ta ce a gaishe da Kawu, a yi masa sannu da jiki. Hannuwan Malam suka sale, riƙe alli ya zama azaba, muryarsa ta dushe har ɗalibai suka fara kawo masa zuma.

Abu ɗaya ne ya fi damunsa. Duk yadda ya juya rigunansa a baho, yana kwaikwayon juyin marigayin daidai da daidai, wuyan sai ya fito da wani layi ruwan ƙasa. Ya ƙara sabulu, ya ƙara juyi, layin na nan. Ya ɗauki wannan a matsayin shaidar girman wanda ya rasa, har ya dafa murfin ya yi ƙwalla. A ɗakin malamai ya daina karkata kai.

Ranar da shekara goma ta cika cif, Malam ya fito da fuskar jimami ya ce Kawu ya rasu da safiyar nan, cikin kwanciyar hankali, bayan ya cika alƙawari.

"Allah sarki," in ji Maman Tagwaye. "Ai ya yi ƙoƙari. Injin da ke aiki ba wuta, ina za a sake samun irinsa?"

Goggo, da ta zo tun sassafe don kada a ba ta labari, ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Auta, kai fa malamin lissafi ne. Ranar da ka yi alƙawari, ka ce da kalandar bango za a ƙirga? Da ka ƙirga da watan sama, ai wata uku ke nan da ka ci."

Malam ya yi lissafin a ka, ya ga haka ne, ya nemi kujera ya zauna.

Da yamma aka janye gawar daga jikin bango don a share wurin. A bayanta aka sami safa goma sha huɗu, babu guda biyu da suka dace, da matajin da aka yi shekara uku ana zargin juna a kansa. Sai kuma wani gwangwanin madara. A ciki akwai guntun sabulu da ƙananan buroshi guda tara, takwas sun cinye har katako, ɗaya da sauran gashi.

"Wannan fa na mene ne?" in ji Malam.

"Na wuyan rigunanka," in ji Maman Tagwaye, tana ci gaba da shara. "Wane inji ne ke fitar da dauɗar wuya? Sai an goge da hannu kafin a jefa."

Malam ya dubi buroshin, ya dubi hannunta a kan tsintsiya. "Shekara goma?"

"Ba kwana goma sha tara," ta ce.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko lokacin da aka ambaci wutar da aka ɗauke. Shekara goma yana karkata kai a gaban mutane yana yabon ƙarfe, mai aikin kuwa tana zuba masa abinci tana ji, ba ta taɓa cewa uffan ba. Saboda haka Malam ya nemi a sa gyara a wannan sanarwa: halin farin wuyan riga da aka jingina wa marigayin a sama ba nasa ba ne, an mayar wa mai shi, tare da ban haƙuri.

Marigayin ya bar firiji, wanda ya girme shi da shekara biyu, kuma tun ranar yake kuka ƙasa-ƙasa. Ya bar dutsen guga, da igiyar shanya, da tiyo ɗaya da har yanzu yake ɗigar da hawaye, da safa marayu goma sha huɗu a cikin kwando, waɗanda aka sada da 'yan'uwansu jiya. Zaɓen magaji an bar shi a hannun Maman Tagwaye. Malam ya ce ko mai gilashin ne ta nuna, zai san yadda zai yi. Ta ce ita bayanta ya wuce durƙuso, a nemo mata ƙanen marigayin, mai murfi a sama da abin murɗawa biyu, amma kada kowa ya ɗora hannu a kansa ya yi alƙawari.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, in mai sayen tsofaffin ƙarafa ya iso da kurarsa. Ana neman maza huɗu masu lafiyar baya. Za a raka shi zuwa bakin layi, daga nan kowa ya koma harkarsa. Ana roƙon yaran gida kada su yi gurr-cau in Malam zai wuce.

Za a karɓi gaisuwa bayan haka a tsakar gida, a bakin famfo. Babu wanda ya tilasta wannan wuri, Goggo ma ta ce ta yafe, mai gidan ne ya zaɓa da kansa. Masu zuwa kada su kawo wanki. Za su tarar da shi zaune a kan ƙaramar kujera, da baho a gabansa da rigunansa shida, buroshi na tara yana hannunsa, Maman Tagwaye kuma tana zaune a inuwa tana nuna masa inda bai fita ba.