Saniyar da Ta Daina Tuƙa

Allah ya yi wa unguwarmu baiwa iri-iri, amma babu kamar Farfesa Sinadari. Wasu unguwanni suna taƙama da kwalta, wasu da famfo. Mu kuwa muna da mutumin da ya san abin da ke cikin tumbin dabba fiye da ita dabbar. Idan akuya ta gifta ta ƙofar gidansa, kallo ɗaya zai yi mata ya girgiza kai, ya ce, "Ƙarancin sinadari." Akuyar takan wuce abinta, ba ta ma san an gama duba ta ba.

Farfesancin nan ba jami'a ce ta ba shi ba. Mu muka ba shi, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, don ba ya son ya kunyata jama'a. Asalinsa mai riƙe da makullin sito ne a ofishin gona, har ya yi ritaya. Ilimin kuwa rana ɗaya ya sauko masa, a wani taron bita kan abincin dabbobi inda aka sa shi jera kujeru. Da ya gama jerawa sai ya zauna a kan guda. Ya ji malamar da ke ba da bitar tana cewa dabbar da ke samun abinci mai gina jiki da mai ba da kuzari garkuwar jikinta takan yi ƙarfi, cuta ba ta kayar da ita da wuri. Gaskiya ta faɗa kuwa. Tana cewa "sai dai kuma", aka shigo da kulolin abincin rana, Farfesa ya miƙe don ya tabbatar an yi rabo da adalci. Abin da ya biyo bayan "sai dai kuma" har yau bai ji shi ba, kuma bai ga ya ragu da komai ba.

Abu ɗaya ne ya yi wa wannan ilimi cikas: Farfesa bai taɓa kiwon ko kaza ba. Shekara da shekaru yana ba dabbobin mutane shawara daga kan benci, masu dabbobin suna godiya suna ci gaba da abin da suka saba. Yakan ce mana, cikin tausayin kansa, an haife shi a inda ba a san darajarsa ba.

Ana haka sai yayarsa ta zo da saniya. Yaya tsohuwa ce, mijinta ya rasu, yanar ido ta rufe mata gani, za a yi mata aiki ta zauna jinya a gidan 'yarta. Saniyar nan ita ce abin da ta mallaka a duniya. Tun tana maraƙa ta rene ta, kuma nononta jikokinta ke sha. Ta kawo ta da igiyarta, da amalanke cike da harawa da busasshiyar ciyawa, ta tsaya a tsakar gida tana shafa mata wuya.

"Auta, ga amana," ta ce. "Ciyawa safe da yamma, ruwa mai tsabta, dusa kuma tafin hannu kawai. Kada ka yi mata dabara."

"Yaya, kin kawo ta inda ya dace," in ji Farfesa. "Idan kika dawo ba za ki gane ta ba."

A duk tarihinsa, wannan ne alkawarin da ya cika ba ragi.

Motar da Yaya ta shiga ba ta gama shan kwana ba ya sa aka kwashe harawar aka zubar a bayan katanga, inda awakin maƙwabta suka yi ta shagali har gashinsu ya soma sheƙi. Da yamma ya tara mu a bakin ƙofa ya yi mana bayani.

"Jama'a, mece ce ciyawa? Abin da ake takawa ne. Abin da kowace dabba marar gata ke samu a bakin titi ba tare da ta san kowa ba. Saniyar da ta shigo gidan masani ta yi ban kwana da ciyawa. Daga yau sunanta Gimbiya, kuma abin da zai shiga bakinta sai wanda aka zuba a buhu aka ɗinke."

Haka kuwa aka yi. Da safe niƙaƙƙiyar masara cike da baho. Da rana burodin da ya kwana a gidan burodi, a jiƙa shi da ruwan sukari. Da yamma dusa, a barbaɗa mata garin madara, domin a cewar Farfesa mai ba da madara dole ta san ɗanɗanon ta kamfani ta yi koyi. Yana tsaye a kanta sanye da farar rigar da ya ara wajen mai kemis, yana juya bahon da ludayi, yana ambaton sunayen sinadarai kamar mai kiran jikokinsa. Gimbiya ta ci, don saniya ba ta san abin da zai cuce ta ba in dai yana da zaƙi.

Ba a daɗe ba sakamako ya fara bayyana, kuma kowanne ya zo sai ya tarar Farfesa ya tanadar masa suna. Zawo ya ɓarke mata, tsakar gida ta koma sai da takalmin roba. Ya ce wankin ciki ne, tana fitar da tsohon ƙauyanci. Kofatanta suka yi zafi, ta koma taka ƙasa a hankali tana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya kira mu mu ga takun isa. Nono ya ja baya, kwanon da ake aika wa jikokin Yaya ya koma kofi, kofin ma ba ya cika. Ya ce ta waye ne, ta daina almubazzaranci da sinadarinta. Da tari ya kama ta, majina na zuba, ƙudaje suka yi sansani a idonta, sai fuskarsa ta cika da annuri.

"Wannan tari da kuke ji, sojojin jikinta ne ke atisaye," ya ce. "Garkuwar jiki ba ta yin ƙarfi a ɓoye. Dole a ji motsinta."

Ita kuwa baiwar Allah ta shiga neman abin da zai yi mata kama da ciyawa. Ta cinye tsintsiyar matar gidan. Ta ci rabin tabarma. Ta kama igiyar shanya tana taunawa, ta bi bayan wani mai sayar da ruwa ta zare masa hular kaba daga ka. Farfesa ya ce tsohuwar ɗabi'a ce ke shure-shuren mutuwa, ya kafa dokar hana tsintsiya fitowa tsakar gida. Matarsa ta koma shara da kwali, tana yi tana magana ƙasa-ƙasa. Da ta ce masa, "Baban yara, anya saniyar nan lafiyarta ƙalau?" sai ya tambaye ta a wane taron bita ta taɓa zama.

Amma babban abin da ya tsone masa ido shi ne tuƙa. Kowa ya san saniya in ta ƙoshi takan kwanta ta dawo da abin da ta haɗiye, ta yi ta taunawa a natse, ido a lumshe. Mai kiwo in ya ga haka hankalinsa ya kwanta. Farfesa kuwa ƙyama abin yake ba shi. Ya ce babu mai tarbiyyar da zai haɗiye abinci ya dawo da shi baki a gaban mutane. Talauci ne ya koya wa shanu cin abinci ɗaya sau biyu, in ji shi, kuma wadata za ta raba su da shi.

Sai ga shi wata safiya Gimbiya ta tsaya cik, kai a sunkuye, kunnuwa a zube, muƙamuƙi ko motsi. Ta daina tuƙa. Farfesa ya zagaya ta, ya leƙa bakinta, ya koma ɗaki ya sako hularsa ta zuwa ɗaurin aure. Kafin azahar duk unguwa ta ji cewa an yi abin da ba a taɓa yi ba tun da aka halicci saniya.

Irin wannan nasara ba a barinta a tsakar gida. Ya yi hayar kujeru da rumfa da lasifika, ya gayyaci ƙungiyar masu kiwo, da mai kemis, da duk wanda ya taɓa yi masa musu. Ana gobe taron ya lura haƙarƙarin Gimbiya sun ɗan fito, sai ya dama masara da sukari ya ɗura mata da kwalba, tunda ta ƙi ci da kanta, don ta cika ido. Matarsa ta tsaya a bakin madafa tana kallo, hannu a haɓa. Daga nan ta shige ɗaki ta ɗauki waya ta kira gidan 'yar Yaya.

Ranar taro Gimbiya ta cika ido, har ta wuce. Gefenta na hagu ya tashi tim, ya fi ƙashin bayanta tudu. Tana numfashi da baki a buɗe, tana nishi, ƙafafu a warwatse. An ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Masu kiwon da ke layin gaba suka dubi juna, wani dattijo ya yunƙura zai yi magana, Farfesa ya ɗaga masa hannu ya ce tambayoyi sai ƙarshe.

"Ku dubi ƙiba," ya ce cikin lasifika. "Wasu za su ce me ya sa gefe ɗaya. Ilimi ke nan. Ƙiba ta zamani daga hagu take farawa, sannan ta zagayo dama." Ya ɗaga hannu ya buga cikin, ya yi ƙara kamar an bugi jarkar da babu komai a ciki. "Kun ji? Lafiya ce ke amsawa."

Yana cikin bayanin yadda zai yaɗa wannan tsari ga raƙuma sai Yaya ta shigo, da baƙin tabarau na masu sabon aikin ido, likitan dabbobi na biye da ita da jakarsa. Ba ta gaida kowa ba. Ta cire tabaraun da aka hana ta cirewa, ta dubi saniyarta da idon da aka wanke mata tas, kuma na tabbata a ranar ta yi da-na-sanin gyaran. Ta durƙusa ta manna kunnenta a cikin saniyar. Tumbin lafiyayyar saniya ba ya rabuwa da ƙugi. Wannan shiru yake.

"Auta," ta ce a hankali, "ina ciyawar da na bari?"

"Yaya, ai mun wuce wannan matakin."

Likita bai jira sauran ba. Ya ce a riƙe masa kanta, ya aske ɗan wuri a gefen hagu, ya goge da magani, ya zaro wani ƙarfe mai kama da ƙusa a cikin bututu, ya soka shi da ƙarfi. Farfesa ya matso da lasifika a hannu don ya yi wa jama'a sharhi, shi ya sa duk unguwa ta ji abin da ya biyo baya. Iska ce ta fito, da wata doguwar shewa mai tsami wadda ta kori layin gaba ta haɗa da na biyu. Ta yi ta fita, ta yi ta fita. Muna kallo ƙibar zamani tana sauka, ba ta ko leƙa dama ba, har fata ta kwanta a kan ƙashi. Abin da ya rage a tsaye cikin jan ƙyalle wata ramammiyar dabba ce mai rawar ƙafa, ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga bakin titi. Dariyar da ta fara tashi a baya ta mutu da kanta, don ni kaina sai da na ji tausayi ya kama ni.

Likita ya ɗura mata magani, ya yi mata allura, yana yi yana magana ba tare da ya dubi kowa ba. Ya ce a tumbin saniya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narka mata ciyawa su mai da ita jini da nono. Idan aka ɗanƙara mata hatsi da zaƙi farat ɗaya aka hana ta ciyawa, cikin sai ya yi tsami ya kashe su. Dabbar da tumbinta ya tsaya kuwa ba ta da abin da za ta yaƙi ko da tari.

"Abin da nake shirin zuwa kansa ke nan," in ji Farfesa.

"Za ta tashi?" Yaya ta tambaya.

"Idan ta koma tuƙa, za ta tashi, Baba. Amma nono kam, a bana ki cire rai."

Yaya ta rungume wuyan saniyar. Hawaye ya zubo daga idon da aka ce kada ta bari ko ruwa ya taɓa shi, ta bar shi yana zuba. Ta kwance jan ƙyallen ta yar a ƙasa. Wata maƙwabciya ta kawo ɗan damin harawa ta ajiye a gaban saniyar, saniyar ta sunsuna, ta ja tsinke ɗaya ta riƙe a baki.

Wani mutum da nan zai nemi ƙofar baya. Amma manya ba sa barin taro ba a rufe ba. Farfesa ya gyara farar rigarsa, ya hura lasifika, ya turo ciki gaba.

"Jama'a, abin da kuka gani yanzu shi ne mataki na biyu na tsarina, wato sakin iska. Na gayyato abokin aikina ne musamman domin ku gani da idonku. A mataki na uku, za mu dawo da ciyawa, amma a ilimance, ba irin yadda kuka saba ba. Wanda duk yake son a duba masa dabbarsa..."

Yaya ta ɗago kai ta daɗe tana kallon ƙanenta, tun daga hula har tumbi. Sannan ta juya wajen likita, wanda ke durƙushe yana wanke ƙarfensa a bokiti.

"Likita, ƙarfen nan naka, ana samun na mutane?"

Likita ya saurari lasifikar na ɗan lokaci, ya yarfe ruwan hannunsa.

"Shi ba ya bukata, Baba," ya ce. "Tasa iskar ta baki take fita."