Kyaftin Abdulgani da Injin Kwalekwale

Ɗazu ina rumfata a Fagge ina auna wa wata mata atamfa, Modu ya tsaya a kaina ya ce yayansa Abdulgani ya cika. Na yi salati, na zauna. Ga hawaye, ga kuma dariya tana neman ƙwace mini, don injin nan ne ya fara faɗo mini a rai.

Allah ya jiƙan Kyaftin. Kano ba ta taɓa samun matuƙin jirgin ruwa kamarsa ba, rashin ruwan kuwa laifin Kano ne. Bandar kifin Tafkin Chadi yake sayarwa, kakansa kuma daga can ya zo, saboda haka tafkin gadonsa ne, ko da yake ko a hoto bai taɓa ganinsa ba.

A daminar 1955 aka yi gwanjon kayan wani Bature a tashar jirgin ƙasa. Mutane na rububin kujeru da kekuna, shi ya rungumo tsohon inji, irin wanda ake ɗaurawa a bayan kwalekwale, farfela a lanƙwashe, tsatsa ta ci rabinsa. A ranar ya sayi farar hula mai baki, ya hana a ƙara ce masa Malam, sai dai Kyaftin.

Celestine, makanike a Sabon Gari, shi ya kwance injin, ya wanke da kananzir, ya miƙe farfela, ya sa sabon fulogi. Kyaftin ya kafa kujera a gefe yana koya masa aikin. Fenti kuwa shi ya zaɓa, kore shar, wai don kifaye su san na gida ne.

Tun da ba a tayar da irinsa a bushe, aka cika duro da ruwa, aka gayyato dattawan unguwa. Kyaftin ya gyara murya.

"Jama'a, daga yau kifi zai zo Kano bai gama mamakin yadda aka kama shi ba."

Celestine ya ja igiya. Duron nan ya amayar da ruwansa kaf a kan manyan riguna. Da aka gama matse rawuna sai aka tarar da Kyaftin a bayan katanga, wai daga nesa aka fi jin lafiyar inji. Ni kaɗai na san gaskiya. Tun muna yara aminina tsoron ruwa yake, ko kwata ya gani sai ya kewaye.

Ranar babban gwaji wani kafinta ya kawo kwalekwale kududdufin bayan Rijiyar Lemo. Rabin Fagge ta fito don ta ga hawan Kyaftin. Ya matso bakin ruwa, ya kama hannuna, na ji shi sanyi ƙalau. In mutane suka gane, ba zai ƙara iya zama a kasuwa ba. Sai na ɗaga murya na roƙe shi alfarma ya bar ni in fara hawa. Ya yi dogon nazari, ya amince, albarkacin zumunci.

Ni da Celestine muka yi ta kewaya kududdufin, agwagi na tashi, masu wanki na gudu da ƙwarya. Kyaftin na kan tudu yana ba da umarnin dama da hagu, ba mai jinsa saboda ƙara. Da muka fito, shi aka ɗaga sama.

Jiya na je duba shi. Ya rame, injin na jingine kusa da gadonsa an lulluɓe shi da rigar sallarsa. Ya ce da ya warke, Chadi za mu, yanzu kam shi zai riƙe tuƙi da kansa. Na ce Allah ya kai mu. Ya leƙa ya ga matarsa Falmata ta fita, ya rage murya.

"Dabo, tafkin nan, da gaske ba a hango ɗaya gaɓar?"

Na ce haka masu zuwa suke faɗa.

Ya kalli rufin ɗaki.

"To, mu bari sai rani, in ya ƙafe."